Bugun zuciya ya kayar da ni a kan Dutsen Kamaru ina da shekara 31

Ni haifaffen Garwa ne, kuma albasa ce sana'ar gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ita ya yi aure, da ita ya gina gidan da muke ciki har yau. Muna saye a hannun manoman rani na kewayen Garwa da na can wajen Marwa, mu ɗura a buhu, mu yi lodin tirela zuwa Duwala. Tun ban fara aske gemu ba nake bin kaya. Wanda ya san aikin ya san ba na rago ba ne: ka kwana a kan buhuna, ka yi ta cacar baki da jandarmomi a kowane shinge, in ka isa kasuwa kuma 'yan dako suka yi ƙaranci, kai ma ka tuɓe riga ka sa kafaɗa.

Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ciwon ya kayar. Ba ni da teɓa, ban taɓa kwanciya a asibiti ba sai don zazzaɓin cizon sauro, kuma duk safiyar Lahadi ina filin ƙwallo da 'yan unguwarmu, irin wasan nan da a Kamaru ake ce wa deux-zéro. Da a lokacin an tambaye ni su wa bugun zuciya yake kamawa, da na ce manyan alhazai masu zaman kujera, waɗanda suka haura sittin. Har gobe a majalisarmu akwai masu cewa aljanun dutse ne suka buge ni, akwai masu cewa jifa ce daga abokan kasuwa. Ban hana kowa ra'ayinsa ba, amma ni aka tsaga wa jijiya aka leƙa, don haka ina ganin ina da haƙƙin in faɗi abin da aka gani.

Sigari a wajen direbobi na koye ta. Kwali guda a rana, ranar da aka yi doguwar tafiya har ya wuce. Da shisha ta shigo gari, ita ma ta samu wuri a zamanmu na dare. Daren lodi kuwa ba ya tafiya sai da lemon gwangwanin nan mai hana barci, bi da bi, ga shayi mai kauri da sukari. Abinci kuma abin da kowa ya sani ne: tsire, kilishi, miya mai jan mai da dunƙule da gishiri. Ba a taɓa ɗaura mini abin awon jini a hannu ba, ko sau ɗaya, har ranar da aka ɗaura shi ina kwance.

Baba bai cika shekara hamsin ba ya rasu. Bayan la'asar ne yana zaune a ƙofar gida, ya ce ƙirjinsa na masa zafi, a jiƙo masa kanwa. Kafin yarinya ta fito da kofin ya sulale daga kan tabarma. Kafin isha'i an kai shi makwancinsa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ne. Sai dai babu wanda ya tambayi ta wace ƙofa ajalin ya shigo, kuma babu wanda ya ce mana mu 'ya'yansa wannan abu ya shafe mu.

Ko mutuwar ɗan ƙwallonmu Marc-Vivien Foé ba ta sa mun haɗa lissafin ba. Duk ɗan Kamaru da ya yi wayo a lokacin yana tuna ranar 26 ga Yuni, 2003, da ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, muna wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. A gidan kallo na gani, muna cunkushe, muka yi tsit. Daga baya likitoci suka ce naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da ƙima, wanda ciwo ne dabam da nawa. Mu dai a unguwa abin da muka ɗauka shi ne an yi masa asiri, muka rufe zancen.

Watanni kafin tafiyar dutsen, in na yi gudu sosai a fili sai in ji ƙirjina ya ɗaure, tsakiya-tsakiya, wani lokaci har maƙogwaro. In na tsaya na riƙe ƙugu na ɗan lokaci sai ya sake ni, in koma wasa. Na gaya wa wani mai shagon magani, ya ce olsa ce, ya ba ni farin maganin ruwa. Da yake ciwon yana tafiya da kansa, sai aka ce maganin ne ya yi aiki.

A watan Janairun 2016 na sauke kaya a Duwala, na zauna jiran masu bashi su haɗa mini kuɗina. A unguwar New Bell nake sauka, wajen 'yan uwanmu Hausawa. A cikin samarin gidan akwai wanda ƙaninsa ke karatu a jami'ar Buea, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, ya zo hutun ƙarshen mako yana ta ba mu labarin tseren hawan dutsen da aka fara tun 1973, wanda yanzu ake kira Race of Hope, wato tseren fatan alheri. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a je ƙololuwa a dawo, wajen kilomita 38, kuma na gaba-gaba a cikin maza ba sa cika awa biyar. Ya ce akwai wata mata, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya, sau bakwai tana cinye na mata. Nan fa gardama ta kaure. Wani ya ce mutanen arewa ba za su iya ba, mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Na ce wanda ya ɗauki buhun albasa a zafin watan Afrilu na Garwa, wane dutse ne zai gagare shi? A lokacin rikicin yankin masu Turancin Ingilishi bai ɓarke ba, ana zuwa Buea a dawo ba fargaba. Aka sa rana.

Ga lissafin da ba mu yi ba, wanda daga baya likita ya yi mini a bayan takardar magani. Garwa, a bakin Binuwai, tsayinta daga doron teku bai kai mita 300 ba. Duwala kuwa a bakin tekun take. Da asuba muka bar Duwala, da hantsi muna Buea, wajen mita 900 zuwa 1,000. Kafin faɗuwar rana muna bukka ta biyu cikin bukkokin da masu hawa ke yada zango, wajen mita 2,800. Ƙololuwar, wadda ake kira Fako, ta haura mita 4,000. Wato jikin da ya yi sallar asuba a bakin teku shi ne ya yi ta magariba a sama da gajimare, a yini ɗaya, da ƙafa, da jaka a baya.

Dutsen yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. An fara da gonaki, sai daji mai duhu da danshi, itatuwa sanye da gansakuka, har bukka ta farko. Daga nan daji ya ƙare kamar an yanke da wuƙa, sai ciyawa da baƙin dutse mai kaushi wanda wutar cikin ƙasa ta tofar, don dutsen mai aman wuta ne, ya yi a 1999 ya sake a 2000. Hawan ya miƙe tsaye, ka yi taku goma ka tsaya kana haki. Mai jagoranmu, wani ɗan ƙabilar Bakweri ta yankin, mai ƙarancin magana, yana ta ce mana mu sha ruwa, mu rage sauri. Sanyi ya sa ba ma jin ƙishirwa, gardamar da muka taso da ita kuma ta sa kowa yana son a gan shi a gaba. Duk inda aka zauna hutu ni sai in kunna sigari.

Bukka ta biyu a wancan lokaci ɗakin kwano ce kawai da dandamalin katako. Da dare ya yi, sai ga sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, hunturun Ngawundare wasa ne a kansa. Muka hura wuta a ciki, muka ja ƙofa, muka toshe kafofin iska da jakunkuna. Hayaƙi ya cika ɗakin, idanu na hawaye, amma ba wanda ya yarda a buɗe. Kaina na sarawa, abinci ya ƙi shiga. Kowa ma haka yake ji, don haka ba wanda ya damu.

Can bayan tsakar dare, ana shirin tashi don a kama hanyar ƙololuwa, na miƙe zan ɗaura takalmi. Abin da na ji shi ne abin da na faɗa wa kowane likita daga baya: kamar an ɗora mini buhun albasa a ƙirji, wani kuma ya hau ya zauna. Ba suka ba ce, ba zafin ƙwannafi ba ne, nauyi ne da matsa. Ya bi kafaɗar hagu ya sauka hannu har ƙaramin yatsa, ya hau muƙamuƙi har na ɗauka haƙori ne. A cikin wannan sanyi gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Na yi amai. Na zauna ina jira ya sake ni kamar yadda ya saba a filin ƙwallo, bai sake ba.

Abokina ya ce, “Yaya, ciwon dutse ne, kowa yana yi. Ka sha shayi ka kwanta, in mun sauko mu tarar da kai.”

Mai jagoran ne ya haska mini tocila a fuska, ya taɓa goshina, ya yi magana da ɗalibin cikin Turancinsu na kasuwa. Ɗalibin ya juyo ya ce, “Wai ya ce ya san ciwon dutse, yana ganinsa kullum. Ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da rashin barci. Wai mai ciwon dutse ba ya riƙe ƙirji yana gumi haka. Ya ce ba wanda zai hau, ƙasa za mu yi yanzu.” Wasu suka fara ƙunƙuni a kan kuɗin da aka biya. Mutumin nan bai ko kalle su ba, ya naɗe bargo ya kira 'yan dakonsa. Ban san addininsa ba, ban riƙe sunansa ba, amma ba na sallah in manta da shi.

Saukowar ba na tuna ta duka. Na san wani wuri an goya ni, wani wuri an sa ni a bargo mutum huɗu sun riƙe, wani wuri kuma dole na taka da ƙafata saboda tsayin gangaren. Na san na yi ta maimaita kalmar shahada, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littafin bashi yana aljihuna, in na mutu a nan wa zai san waɗanda nake bi da waɗanda ke bina. Gari ya waye mana a cikin daji. Sai da rana ta take muka iso inda mota ke zuwa.

Asibitin farko da aka kai ni ƙarami ne. Aka ɗebi jini aka ce akwai ɗan zazzaɓin sauro, aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi mini allurar olsa. Da na ce zuciyata ce, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce na yi yaro da wannan ciwo. Ban riƙe shi a zuci ba, abin da ni ma na yi imani da shi ke nan kwana ɗaya kafin nan. Na'urar gwajin zuciya kuma ba su da ita. Sai bayan la'asar, da abokaina suka ga ba sauƙi, suka ɗauke ni zuwa wani asibitin. A can wata matashiyar likita ta manna mini wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, gwajin da suke kira ECG, wanda bai ɗauki minti biyar ba. Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta aika aka kawo asfirin ta ce in tauna kada in haɗiye shi ɗungum, ta ce a wuce da ni Duwala a daren nan.

Tsakanin Buea da Duwala wajen kilomita 70 ne. Mutengene, Tiko, gadar Mungo, duk muka wuce lafiya. A Bonaberi muka cije, don a lokacin ana aikin gada ta biyu a kan kogin Wuri, motoci sun yi cirko-cirko. Kafin a shigar da ni ɗakin kulawa ta musamman, ciwon ya kusa kwana guda cur a jikina.

Likitan zuciyar da ya karɓe ni dattijo ne mai haƙuri, kuma da na farfaɗo ya zauna a bakin gado ya yi mini bayani da Faransanci mai sauƙi. Ya ce zuciya tana tura jini ga duk jiki, amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita, suna kwance a bayanta da gabanta. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a jikin bangon jijiyoyin nan, taba da hawan jini da ciwon suga da gado suna hanzarta shi. Ɗaurewar da nake ji a filin ƙwallo alama ce hanya ta riga ta ƙuntata: in na huta jinin ya isa, in na yi gudu ya gaza. Ranar da tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanyar gaba ɗaya, naman da ke gaba ya fara mutuwa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, akwai kuma aikin buɗe jijiyar, amma amfaninsu ya fi yawa a sa'o'i biyu ko uku na farko, kuma bayan awa goma sha biyu allurar ba ta da wani tasiri. Ni na zo bayan an rufe wannan ƙofa. Naman da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Da aka yi hoton zuciyar, ya ce lafiyayya tana fitar da fiye da kashi 55 cikin ɗari na jinin da ke cikinta a kowane bugu, tawa tana wajen 40.

Na tambaye shi ko dutsen ne ya jawo. Ya ce dutsen ya matsa, amma bai ƙirƙiro ba. Iskar oksijin a ko'ina kashi 21 cikin ɗari ce ta iskar da muke shaƙa, a Duwala ko a Fako. Abin da ke raguwa in an hau sama shi ne nauyin iskar kanta, don haka kowane numfashi yana shigo da kaɗan. A inda muka kwana, abin da mutum ke samu wajen kashi 70 ne na abin da yake samu a bakin teku, a ƙololuwa kuma wajen 60. Jiki yana ramawa da saurin numfashi da saurin bugun zuciya, jini kuma ya hau. Busasshiyar iska da haki suna zuƙe ruwan jiki, jini ya yi kauri, ya fi saurin daskarewa. Sanyi yana tsuke jijiyoyi. Ga wahalar hawan kanta. Da na ba shi labarin wutar da muka hura muka rufe ƙofa, sai ya ajiye biro. Ya ce hayaƙin itace da gawayi, da na sigari da na shisha, yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari, wadda take kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Wato a wurin da iskar ta riga ta yi ƙaranci, mun ƙara rage wadda jinin zai iya ɗauka. Ya ce masana hawan duwatsu suna ba da shawara in an kai wajen mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, mu kuwa mun yi kusan 2,800 a tashi ɗaya. Duk da haka, in ji shi, mu da yawa muka kwana a ɗakin, ni kaɗai na faɗi, don ni ne na hau da jijiyar da ta riga ta lalace.

Sai ya tambaye ni yadda mahaifina ya rasu da shekarunsa. Da na faɗa masa, ya gyaɗa kai kawai ya rubuta. Ya ce duk wanda uba ko ɗan'uwansa namiji ya gamu da wannan ciwo kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, to shi ma a layi yake, ya kamata a fara duba shi tun yana saurayi.

Inna ta zo, ita da Kawu. Ba ta taɓa wuce Ngawundare ba a rayuwarta, amma ta hau mota ta haye tudun Mbe, ta kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ta sake hawa mota zuwa Duwala. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma saba zama kusa da ni ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Sannu. Ya jikin?” Na ce da sauƙi. Ta ce, “Me ka je nema a kan dutsen mutane?” Ba ta jira amsa ba ta fita baranda, ina jin ta tana fyace hanci. Ta zo da rubutu a gora da ƙullin saiwoyi. Likita ya ce rubutun a sha, addu'a ba ta karo da magani, amma saiwoyin a ajiye, don an sa ni a kan magungunan tsinka jini kuma bai san abin da ke cikin ƙullin ba. Kawu ne ya fi kowa saurin fahimta. Da na maimaita masa bayanin likita da Hausa, ya yi shiru, sannan ya ce, “To ai shi ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaya ma ashe abin da ya ɗauke shi ke nan, muna ta ba shi kanwa.”

Bayan na ɗan yi ƙarfi aka tura ni cibiyar zuciya ta Shisong, kusa da Kumbo a yankin Arewa maso Yamma, wadda aka buɗe a 2009, 'yan sista na cocin Katolika ke tafiyar da ita tare da likitoci daga Italiya. Abin dariya, Kumbo ma a kan tudu take, Inna da ta ji haka ta ce ba inda za ni, sai da likita ya rantse mata cewa a mota za a kai ni ba da ƙafa ba. A can aka zura siririn bututu ta jijiya har zuciya, idona biyu ina kallon allo, aka nuna mini inda hanyar ta shaƙe, aka buɗe ta aka sa 'yar ragar ƙarfe ta riƙe wurin. Na tarar da yara ƙanana daga Cadi da Najeriya da sassan Kamaru suna jiran aikin zuciya, iyayensu na kwana a baranda. Ba wanda ya tambaye ni addinina, kuma da lokacin sallah ya yi wata sista ce ta nuna wa Kawu gabas.

Kuɗi kam an kashe. Jarin albasar ya tafi, filin da na saya a bayan gari don in yi gini ya bi shi, 'yan kasuwarmu na Duwala da Garwa suka yi karo-karo suka cike sauran. Allah ya saka musu.

Komawa gida ita ce jarrabawar da ba wanda ya gaya mini. Magani kullum, safe da dare: asfirin, da na rage kitsen jini, da na rage gudun zuciya, da na hawan jini, ga wani na tsinka jini da na sha shekara guda saboda ragar. Wata rana a zagaye shagunan magani na Garwa a rasa ɗaya, sai na kira direbanmu ya taho da shi daga Duwala a cikin kayan dawowa. Azumin shekarar ya faɗo a watan Yuni, likita ya hana. Na je wajen limaminmu ina jin kunya, ya karanto mini ayar Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame, ya ce, “Malam, wanda ya ba ka sauƙi ka ƙi karɓa, ba tsoronsa ka fi kowa ba.” A shekarun da suka biyo baya likita ya gyara mini lokutan shan maganin zuwa sahur da buɗa-baki, ina yi, sai ranar da zafi ya haura arba'in in ji jiri, in sha in rama.

Barin sigari ya fi aikin Shisong wuya. Dole na bar majalisar dare na wani lokaci, don ba zai yiwu ka zauna cikin hayaƙin mutum shida ka ce ka daina ba. Wasu suka ce na yi girman kai. Uwargida kuma ta koma raba tukunya, tawa ba dunƙule ba gishiri sosai, har yara suna tsokanata wai Baba na cin abincin asibiti. Da daddare in na juya sai in ji hannunta a ƙirjina, in ce mene ne, ta ce, “Ba komai, Baban yara, kwanta.” Mun yi shekara a haka. Ni ma kowane ɗan motsi a ƙirji sai gabana ya faɗi. A watan Mayun shekarar, ina zaune a gida, aka sanar da rasuwar Patrick Ekeng, ɗan wasanmu da ya faɗi a fili a Bukares ta Romaniya yana da shekara 26. Ranar ban iya cin abinci ba. Haka a Fabrairun 2024, da aka ce wani ɗan tseren Kenya, Charles Kipsang, ya faɗi a ƙarshen tseren Buea ya rasu, mutane suka yi ta kirana a waya kamar ni ne mai dutsen.

Yanzu ba na ɗaukar buhu, ina zaune a rumfa da littafi da waya, yara ke bin tirela. Ina tafiyar ƙafa bayan asuba kafin rana ta yi zafi, abin da likita ya ce wajibi ne, ba zama zuciyar ke so ba. Ngawundare ina zuwa, don tsayinta wajen mita 1,100 ne, ya ce wannan ba komai. Jirgin sama ma na hau, bayan ya duba ni, ko da yake ya gaya mini iskar cikin jirgi daidai take da ta tudun da ya kai har mita 2,400. Abin da ya hana shi ne hawa mai tsawo da gaggawa, da ɗaukar nauyi, da zama cikin hayaƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, irin namu. Ni abin da na gani da idona ya ishe ni: a layin ganin likitan zuciya ba ni kaɗai ne mai baƙin gashi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne awon jini a ƙaramin asibitin unguwa bai kai kuɗin kwalin sigari biyu ba, kuma gwajin da ya gano ciwona minti biyar ne, amma sai da na kusa kwana ina yawo kafin a yi shi, saboda kowa ya kalli fuskata ya yanke hukunci. Shi ya sa a rumfarmu duk yaron da ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, musamman in da gumi ko ya bi hannu, ba na sauraron zancen olsa. Babur nake tsayarwa, in ce a kai shi inda ke da na'urar, a faɗa musu a yi ECG. Na taɓa yin haka aka tarar ba komai, yaron ya yi ta mita a kan kuɗin da aka kashe. Na biya shi.

Mu huɗu ne maza a wajen Baba. Da na dawo na tara su na faɗa musu abin da likita ya ce game da gado. Mai bi mini ya je, aka tarar jininsa ya hau sosai bai sani ba, yana kan magani yanzu. Na uku ya je, lafiyarsa ƙalau, an ce ya riƙa komawa duk shekara. Autanmu shi ne ke bin tirela a madadina, kuma na san yana shan abin da nake sha a da, don ina jin warin a rigarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da Kawu, na ba shi kuɗin gwajin a hannu. Ya ce, “Yaya, ni fa ba dutse zan hau ba.” Kuɗin ya sa mai a babur da su, kuma jibi zai tashi da lodi zuwa Duwala.